Uwar Ango

Daga Antofagasta har Iquique babu mai rai da ya yi wa matattu hidimar da Don Belisario Araya ya yi musu. Limamin coci binne su yake yi, ya koma gida ya ci abincin rana. Dangi su yi kukan wata guda, su shiga rabon kaya. Don Belisario kuwa raya su yake yi, duk Talata da Asabar, a cikin ƙaramar bas mai sanyaya iska, da makirfo a hannu. Shi da bakinsa ya sha faɗin haka, kuma ban taɓa jin mamacin da ya musa ba.

Hanyar ita ce dai wadda muka sani: teku a hagu, tsaunuka tsirara a dama, ungulaye a kan turakun lantarki suna jiran rabonsu. Duk inda mota ta taɓa kashe mutum akwai animita, ɗan ɗakin nan da bai fi akurkin kaji ba, da gicciye a kansa. Ruhin da aka fizge ba shiri ba ya gane hanyar tafiya. Yana nan tsaye inda jinin ya zuba, kyandir ne kaɗai ke rage masa duhu, idan kuma ya ji daɗin hasken yakan rama da ɗan alheri. Haka muka taso muka tarar. Sai dai dangi suna gajiya, iskar gishiri kuwa ba ta gajiya, don haka yawancin ɗakunan ba suna, ba fenti, ba mai zuwa.

Don Belisario ya yi karatun tarihi a jami'a har zuwa ranar da jami'ar ta ga ya isa haka. Abin da ya fito da shi daga can shi ne, mamacin da ba shi da labari sau biyu ya mutu. Shi ya sa yake raba musu labari kamar zakka. Wannan matuƙin jirgin ruwa ne, wancan ɗan dambe ne, waccan 'yar rawa ce da miji ya biyo. Amma gwanintarsa duka tana kan Ango.

Wata rana, shekarun baya, ya tsaya fitsari a wata kwana bayan Tocopilla, ya ga ɗan ɗaki mai shuɗin tayil. A ciki akwai hoton wani mutum cikin baƙar kwat, da farin fure a ƙirji. Kafin ya koma mota labari ya nuna: saurayi ne da ya mutu a hanyar zuwa ɗaurin aurensa, amarya tana jiransa a ƙofar coci, shi ya sa har yau ba ya iya ganin mace ba miji ya kyale. A shafa jan-baki, a sumbaci gilashin hoton, a kunna kyandir, a koma gida a jira. Wata malamar asibiti ta gwada don wasa, shekara ba ta zagayo ba ta yi aure, ta dawo ta manna allon godiya. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mai wannan magana bai zo ya ga bangon Ango ba.

Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, akwai Señora Bernardita daga Santiago, wadda ta jawo 'yarta Consuelo, lauya mai shekara kusan arba'in da ta ci kowace shari'a ban da ta uwarta. Akwai Don Evaristo, likitan haƙori mai ritaya, wanda ya saba yi wa mutane barkwanci lokacin da ba su da bakin ramawa. Akwai wasu miji da mata da ba su ɗaga kai daga waya ba, ba ruwanmu da su. Sai wata tsohuwa 'yar ƙarama, Doña Clorinda, da jakar leda a cinya.

Ita ba yawon buɗe ido ta zo ba. Gwiwoyinta sun ƙare, mako mai zuwa 'yarta za ta ɗauke ta zuwa Puerto Montt, can ƙarshen kudancin ƙasa, kuma ta san ba za ta sake ganin arewa ba. Ɗanta yana kan wannan hanya. Tun da mijinta ya rasu ba ta samu mai kawo ta ba, manyan bas kuma ba sa tsayawa don kowa. Sai ta sayi kujera a motar masu yawo. Abin da take so bai da yawa: ta kunna masa kyandir, ta zauna da shi su biyu ɗan lokaci, ta kira sunansa, ta gaya masa ta tafi.

Ta faɗa wa Don Belisario haka tun kafin a tada mota.

"Wa ke nan, Iya?"

"Nibaldo. Nibaldo Tapia."

Ya ɗaga kai sama kamar mai kanti yana duba kanta. "Anya ina da shi? Ba na jin ina da Nibaldo."

"Bayan Tocopilla ne, ɗana. A kwana, kusa da wani dutse mai kama da sirdi."

"Iya, duk duwatsun nan kama da wani abu suke yi, shi ne sana'ata. Idan ya faɗo kusa da inda muke tsayawa, sai ki sauka. Idan bai faɗo ba, zan rage gudu ki ɗaga masa hannu."

Ba sai na ɓoye muku ba, Nibaldo shi ne Ango. Su ne dai ba su sani ba, har da uwarsa.

Aka kama hanya. Aka tsaya aka kalli teku yana dukan duwatsu, aka ɗauki hoto, aka yarda cewa lallai teku ne. Don Belisario yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna matattunsa. Da suka kusa Tocopilla ya rage murya ya shiga labarin Ango, da kwat, da fure, da ƙararrawar coci da aka yi ta kaɗawa har ladanin ya gaji.

"Wato ya mutu tun kafin a ɗaura auren?" in ji Don Evaristo. "Mai sa'a! Ni sau uku ina isa cocin lafiya lau."

"Likita, ka ji tsoron Allah," in ji Señora Bernardita. Ta zunguri 'yarta. "Kina ji ko? Malamar asibiti ma ta samu."

"Mama, ina ji. Duk motar nan suna ji."

"To su ji mana. Ɓoyewar da muka yi shekara goma me ta kawo?"

Doña Clorinda ta share ido da bakin gyale. "Allah sarki," ta ce a hankali. "Ni uwarsa nake tausayi."

A Tocopilla aka ci soyayyen kifi. Tsohuwar ta zauna a gefe ta ɓare dafaffen ƙwai da ta zo da shi. Señora Bernardita, wadda ba ta iya ganin talaka ba ta yi masa kirki da ƙarfi ba, ta matso.

"Naki ɗan me ya same shi, baiwar Allah?"

"Tirela ce."

"Ai ba sa duba hanya."

"Haka ne, gudu suke yi."

"A'a, masu tsallakawar nake nufi."

Da la'asar suka iso kwanar. Ɗan ɗakin ya daɗe da zama gida. An yi masa rumfar kwano, an kewaye shi da bango, bangon kuma ba a ganin sa don allunan godiya, da farin mayafin amare da rana ta ƙone, da furannin roba. Kakin kyandir ya gangaro ya daskare har bakin kwalta.

Doña Clorinda ta sauka a ƙarshe, da ƙyar. Ta dubi dutsen da ke gefe. Ta dubi ƙasan bangon, inda shuɗin tayil yake leƙowa, ragowar wanda mijinta ya shimfiɗa mata a ɗakin girki. Ta ratsa tsakanin mutane ta sunkuya gaban hoton. Fuskar ba ta ganuwa, jan-baki ne kan jan-baki, ja da ruwan hoda da wani mai kama da hanta. Ta tofa yawu a gyalenta ta fara gogewa.

"Ke Iya!" in ji Señora Bernardita. "Addu'o'in mutane kike gogewa!"

Ba ta tsaya ba sai da idanu biyu suka fito, da manyan kunnuwa.

"Nibaldo ne," ta ce. "Ɗana ne."

Sai Señora Bernardita ta dafe ƙirji.

"Uwar Ango! Consuelo, uwar Ango ce muka zauna da ita tun safe tana cin ƙwai! Iya, Allah ne ya haɗa mu. Ki sa baki. Ɗa ba ya ƙin maganar uwa."

"Wane ango? Shi bai taɓa aure ba."

"Mun sani, ai a hanya ya mutu."

"A hanya ya mutu, amma ba ta coci ba. Ciyawar teku yake tsinta yana shanyawa yana sayarwa. Ya ɗauko dami a ka zai tsallaka, dami ya rufe masa ido. Kwat ɗin nan aro ce, ranar bikin ƙanwarsa. Shi kaɗai ne hotonsa mai kyau."

"Amaryar fa?"

"Babu amarya, 'yata. I'ina gare shi. Kafin ya gama gaida mace ta kai gida."

Don Evaristo ya kwashe da dariya har yana riƙe ƙofar mota. "Kai, Belisario! Wato gwauro muka zo roƙo ya ba da abin da shi ma bai samu ba? Wannan ai zuwa wurin mai sanƙo ne neman maganin gashi."

Señora Bernardita ba ta yi dariya ba. "Daga Santiago na taso," ta ce. "Jirgi na hau. Ashe mai tsintar shara ne? Shekara da shekaru yana karɓar kyandiran mutane yana shiru, ko kunya ba ya ji?"

"Mama, mutumin ya mutu."

"Shi ya ba shi damar cuta?"

Ana cikin haka wata motar ta tsaya, mata suka firfito suna gyara jan-baki a madubin waya. Señora Bernardita ta nufe su da labari, don ba ta son a cuci kowa ita kaɗai. Don Belisario bai ruɗe ba. Mutumin da ya saba hulɗa da matattu ba ya tsoron tsohuwa. Ya kama hannun Doña Clorinda da ladabi.

"Iya, zo mu ɗan taka. In nuna miki wani abu."

Ba su yi nisa ba. A bayan dutsen akwai wani ɗan ɗakin, rufinsa ya rufta, gicciyen ya karye. Ciki kwalabe ne da tsumma. Warin ya riga su gaisawa.

"Kin gan shi? Malamin makaranta ne. Da gaske, ba nawa ba. Taya ce ta fashe masa. Na gwada shi da labarinsa na gaskiya, mutane hamma suka riƙa yi mini. Yanzu direbobin tirela sun mai da shi abin da hancinki ya gaya miki. Naki ma haka ya fara zama lokacin da na same shi. Ni shaida ne."

Ta rufe hanci da bakin gyale.

"Ni ba na tilasta wa kowa. Idan gaskiya kike so, daga Talata zan faɗe ta: nan tirela ta buge wani Nibaldo, mai ciyawar teku, mai i'ina. Sai in taka mai in wuce. Ke za ki riƙa zuwa kina kunna masa?"

Ta dubi gwiwoyinta.

"'Yarki fa?"

"Puerto Montt da nisa."

"To."

Daga inda suke tsaye ana hango rumfar. Wata mace daga sabuwar motar, wadda ta riga ta kunna kyandir ɗinta, tana sauraron Señora Bernardita. Da ta gama ji, ta lashi yatsu biyu ta matse wutar, ta jira kakin ya huce, ta mayar da kyandir ɗin cikin jaka. Wata ta biyo ta ta yi haka. Doña Clorinda tana kallo.

"Duhu yake tsoro," ta ce. "Tun yana yaro. Har ya girma da fitila yake barci."

"Ai shi ne. Tun da na same shi kuwa bai taɓa kwana cikin duhu ba. Wa ya yi masa wannan? Ba don in yabi kaina ba."

"Amma sunansa. Sun rufe sunansa da allunan nan."

"Suna ai na masu rai ne, Iya, don a kira su su amsa. Shi yanzu laƙabi gare shi. Laƙabi ya fi suna, tambayi kowane waliyyi."

"To ka ba ni ɗan lokaci ni da shi. Mu kaɗai. Ba zan daɗe ba."

"Za ki samu. Amma ki fara kashe gobarar da kika tayar."

Suka dawo. Don Belisario ya tafa hannu, ya sa muryar da yake ajiye wa manyan matattu.

"Jama'a, ku yi wa tsohuwa uzuri. Akwai ciwon da uwa ba ta iya faɗa sai ta lulluɓe shi. Dangin amarya masu hali ne, ba su so auren ba, bayan rasuwar suka sa ta rantse ba za ta ambace shi ba. Yau na roƙe ta, don ku. Iya, faɗa musu. Akwai amarya ko babu?"

Matan suka kewaye ta. Ta dubi jakar da kyandir ɗin ya koma ciki.

"Akwai," ta ce.

"Sunanta! Mene ne sunanta?"

Doña Clorinda ba ta iya ƙarya ba, ba ta taɓa samun lokacin koyo ba. Ta lalubi kanta, suna ɗaya kawai ta samu. Akwai wata yarinya mai sayar da burodi a Tocopilla, wadda Nibaldo yake tafiyar ƙafa mai nisa don ya sayi burodin da ba ya bukata a wurinta. Yarinyar takan sa shi ya maimaita abin da yake so sau da yawa, tana kwaikwayon bakinsa, abokan aikinta suna faɗuwa don dariya.

"Yolanda."

"Yolanda!" in ji matan, kamar an ba su alawa. "Tana son sa sosai?"

"Da ta hango shi take fara dariya."

"Wayyo so!" in ji wata. Wadda ta kashe kyandir ta zaro shi tana neman ashana.

"Shi fa? Me yake ce mata?"

"Ba ya iya cewa komai."

Nan wata ta fashe da kuka. Don Evaristo ya ce shi ma da ya yi shiru a gaban matarsa ta farko da yanzu yana da gida. Señora Bernardita ta rungume tsohuwar ta ce ita kam ta yafe mata. Sannan ta zaro jan-baki ta kama haɓar 'yarta kamar mai ba akuya magani.

"Mama, don Allah. A gaban uwarsa?"

"A gaban uwarsa ya fi kamawa. Sunkuya."

Consuelo ta dubi Doña Clorinda. Wataƙila ta so ta ce wani abu. Amma lauya ce, ta san shari'ar da aka riga aka gama. Ta sunkuya ta nemi wuri a gilashin, kuma wuri ɗaya ne mai tsabta. Da ta ɗago, idanun Nibaldo sun sake ɓacewa. Matan ɗayar motar suka yi layi a bayanta.

Tsohuwar ta kwance jakar ledarta ta fito da kyandiranta. Señora Bernardita ta karɓe su da hannu biyu.

"Kawo, Iya, kada ki wahalar da gwiwa. Na hannun uwa ai sun fi karɓuwa." Ta jera su ta kunna ɗaya bayan ɗaya, kowanne tana raɗa masa: "Consuelo. Ko bazawari ne, in dai yana da aiki."

Sai hotuna. Kowa yana son ya tsaya da Uwar Ango. Aka juya ta dama, aka juya ta hagu, aka ce ta ɗan yi murmushi, aka ce a'a, baƙin cikin ya fi kyau. Wata ta ce ta dafa mata kai. Wata ta yafa mata tsohon mayafin amarya daga bango don hoton ya yi ma'ana. Miji da matar nan ma suka ɗago daga waya, suka ɗauki hotonta da ita, suka koma. Duk lokacin nan bayanta ne ke fuskantar ɗanta.

Don Belisario ya danna ham.

"Jama'a, a shiga! Faɗuwar rana a Iquique ba ta jiran kowa, kuma tana cikin tsarin tafiya."

Doña Clorinda ta matso jikin tagarsa. "Ɗana, ka ce zan samu."

"Iya, wa ya samu kamar ke yau? Duba layin nan. In ce wa bayin Allah su matsa, bayan abin da kika sa su ciki ɗazu? Shigo gaba, kusa da ni. Daga yau kujerar gaba taki ce."

"Minti kaɗan."

"Iya, kada mu yi son kai," in ji Señora Bernardita daga ciki. "Ɗan nan yanzu ba naki ba ne ke kaɗai."

Don Evaristo da kansa ya ɗaga ta ya sa ta a gaba, ya ja mata bel, ya ce surukar mata dubu ba ta zama a baya. Mota ta hau kwalta. Tsohuwar ta kafa ido a madubin gefe, inda rumfar kwanon take ƙanƙancewa, bakinta yana motsi ba sauti.

Don Belisario ya hura makirfo. Sabon babi ya samu, gara ya gwada shi tun da zafinsa. Ya ba su labarin Yolanda, kyakkyawa 'yar masu hali, wadda ba ta iya ganin masoyinta ba ta yi dariyar farin ciki ba, da saurayin da so ya ɗaure wa harshe, da uwar da ta riƙe sirri har tsufa, sai yau ta sauke shi ta huta.

"Ko ba haka ba, Iya?" Ya miƙa mata makirfon.

Hanya ta lanƙwasa, dutse ya cika madubin.

"Haka ne," ta ce.

Ya ce ta ɗan ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Ta ɗaga.